Falalu Mai Jiniya

A Roni aka haifi Falalu, a wani gida da ke gindin dutse. Yana saurayi yaƙin Turawa ya taso, aka ɗebi samari soja, har da shi. A can ya koyi tuƙi, ya yi ta jigilar abinci da harsasai a ƙasar Bama. Ya dawo da kunnen hagu ba ya ji sosai, maganarsa kuma ta ragu. Ya auri Batulu, ya kama noman gero da gyaɗa, mutane har suka fara mantawa ya taɓa riƙe sitiyari.

Bayan 'yan shekaru En'e ta Kazaure ta sami motar ɗaukar marasa lafiya zuwa babban asibiti a Kano. Aka nemi direba ɗan ƙasa, aka tuna da shi. Ƙaramar lori ce fara, da gadaje biyu na tamfol a baya. A jikin ƙofar direba an ɗaura jiniya, wani ƙarfe mai kama da ƙaramin tulu, da mariƙi da ake murɗawa da hannu. In an murɗa sai ta fara gurnani, ta yi ta hawa har ta zama kuka mai ratsa kai. Abokin tafiyarsa Malam Hussaini ne, malamin asibiti, mutum mai yawan raha.

Fitarsu ta farko Babura suka je, ranar kasuwa. Da suka doshi gari hanya ta cushe, sai Malam Hussaini ya ce a kaɗa jiniya. Falalu ya murɗa. Jakuna suka watsar da kaya, masu nono suka saki ƙore, samari suka tsallake darni suka ɓace. An ɗauka masu ɗibar soja ne suka dawo, ko masu kama mutane aikin tilas. Majinyacin da suka zo ɗauka ma danginsa suka ce ba ya nan.

A hanyar komawa Falalu ya ce, "Malam, ban ga laifinsu ba. Ni ma kukan nan ba na son sa. A Bama in ka ji shi, jirgin sama ne tafe, rami za ka nema."

"To yaya za mu yi? Mu cire ta?"

"A'a. Mu bari su san ta."

Daga nan suka riƙa bin kasuwanni. Falalu yakan fara zuwa gaida dagaci, ya nemi izini, sannan ya ajiye motar a inuwa ya buɗe ƙofofinta duka. Mai son leƙawa ya leƙa, mai son taɓa gadon ya taɓa. Dattawa yake fara ba wa mariƙin jiniya. A Kanya Babba wani tsoho ya murɗa, ya zabura ya ja da baya, sannan ya tuntsire da dariya ya ce a sake ba shi. Falalu yakan ce musu, "In kun ji kukan nan, ɗan'uwanku ne kwance a ciki. Ku kau da jaki daga hanya, ku yi masa addu'a."

Duk da haka ana ta raɗe-raɗin cewa wanda ya shiga farar mota ba ya dawowa. Sai Falalu ya roƙi a bar shi ya riƙa mayar da waɗanda aka sallama har ƙofar gidajensu. In ya doshi ƙauye da wanda ya warke, yakan murɗa jiniyar kaɗan don a fito a ga mutum ya sauka da ƙafarsa. In kuwa gawa ce, shiru yake shiga, kuma ba ya tafiya sai an yi jana'iza da shi.

Wata damina aka aiko mai keke daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa: wata mace mai suna Shatu tana naƙuda tun jiya, haihuwa ta ƙi. Suka je da hantsi. Mijinta ya tafi fatauci, yayarta da ake kira Adda ce ta tsaya kai da fata sai an kai ta asibiti. Aka kwantar da Shatu a baya, Adda ta zauna kusa da kanta tana yi mata fifita.

An yi ruwa a arewa. Da suka juyo, rafin da suka haye ɗazu da sauƙi ya kawo ruwa, yashin ya jiƙe ya yi laushi. Suna tsakiya tayoyin baya suka nutse. Falalu ya ba motar wuta, taya ta yi ta juyawa tana ƙara shigewa. Ya sauka ya haƙa da shebur, ruwa na mayar da yashin. Ya ɗaga kai, babu gida ko ɗaya, sai gero da ya kai ƙirji ta kowace fuska. Malam Hussaini ya leƙo, babu alamar raha a fuskarsa.

"Falalu, ƙarfinta yana ƙarewa."

Adda ta ce, "Direba, ka kaɗa abin naka mana. Ai akwai mutane a gona."

"In suka ji suka gudu fa?"

"Su gudu ina? Ka kaɗa dai."

Ya kama mariƙin ya murɗa. Ya yi ta murɗawa har kafaɗarsa ta ƙage, ya sake hannu ya ci gaba. Can sai gero ya fara motsi. Wani ƙaton mutum ya ɓullo da garma a kafaɗa, Daudu sunansa, yana tambaya, "Wa ke ciki?" Adda ta faɗa masa. Ya juya ya ƙwala kira. Suka yi ta fitowa, maza da fartanya, mata da tsofaffin tabarmi, wani ma da zanan bukkar gonarsa ya zo. Aka haƙe gaban tayoyin, aka shimfiɗa zana da rassan geza. Daudu ya jera mutane a bayan motar, ruwa har gwiwa, ya ce da sunan Allah. Motar ta yi ƙugi, ta watsa musu taɓo, ta haye. Falalu bai iya tsayawa godiya ba, hannu kawai ya ɗaga, suna ta yi masa alamar ya wuce.

Daga Kazaure har Kano jiniya ba ta yi shiru ba. Amalanke da ayarin jakuna suna ratsewa tun daga nesa. Likita ya yi wa Shatu aiki a ranar. Jaririn bai zo da rai ba, amma ita ta tashi.

Da rani ya shigo, mutanen yankin suka yi gayya ba tare da kowa ya sa su ba. Suka fasa duwatsu, suka jera a mashigin rafin, har motocin gyaɗa suka riƙa bi ta nan. Daga lokacin aike ya yawaita, har daga ƙauyukan da a da ake ɓoye majinyaci.

Falalu ya ci gaba da tuƙi har dab da samun mulkin kai, sannan ya miƙa motar ga wani direba ya koma Roni. Kafin nan Shatu ta haifi 'ya mace lafiya lau, a ɗakinta. Adda ta aiko a gayyace shi suna. Ya je a kan keke, ya ci tuwo da Daudu a kwano ɗaya, ya dawo da zabi biyu a ɗaure a bayan keken. Batulu ta ce ba za a yanka su ba, ta sake su a tsakar gida, kafin shekara ta zagayo sun cika gidan da kuka.