Idon San Jauro

Da na sani, da ban karɓi sandar nan ba yau.

Ƙanena Sabo, direban injiniyoyin dam, ya kai ni faƙon Kwanyawa inda suke buga golf, wasan dukan ƙaramin ƙwallo da sanda. Ba ciyawa, sai yashi da rami.

Ya ce, "Yaya, bari shanu su wuce."

Na ce, "Ni za ka koya wa saiti?"

Na maka wa ƙwallo sandar. Ƙwallon ya fasa idon san huɗar aminina Jauro, ga damina ta kawo kai.

Jauro bai yi faɗa ba. Ya tsinto ƙwallon, ya goge jinin da rigarsa, ya miƙo mini. "Ungo, Malam, ƙarasa wasanka."

Don Allah, ko ƙaninku ne ya ce ku dakata, ku dakata.