Ranar da na hana likita zaren ɗinki

Shekarun baya, lokacin da aka ɗauke ni daga ɗakin masu jinya aka mayar da ni ɗakin tiyata a wani asibiti da ke yankinmu na Funtua, na ɗauka na iya aiki. Shekarata biyu ina nas, ina allura, ina ɗaura ruwa, ina wanke ciwo. Ranar farko na gane ashe ko wanke hannu ban iya ba. Sistar da aka haɗa ni da ita, wata dattijuwa marar yawan magana, ta tsaya a kaina a bakin famfo. Na goge tun daga farce har gwiwar hannu, ina gamawa na kai yatsa na gyara takunkumina. Ta ce, "Koma ki sake." Sau huɗu na koma a ranar.

Aikina shi ne in tsaya kusa da likita, in jera kayan aiki a tire, in miƙa masa abin da yake so tun kafin ya gama faɗa. A satin farko babban likitanmu ya nemi hantsakin kama jijiya, na danƙa masa almakashi. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Ke wai daga ina aka samo ki?" Na ce, "Daga Tsiga, yallaɓai." Ɗakin ya ɗauki dariya. Ashe ba tambaya ba ce. Da na je gida hutu, cokula da ludayi na jera a faifai, mahaifiyata tana kira ina miƙa mata ido rufe, har ta gaji ta ce in ba ta ludayinta miya na jira.

Abin da sista ta fi tsanantawa a kai shi ne ƙirga. Akwai fararen ƙyallaye da ake tsane jini da su a cikin ciki, muna ce musu goz. Kafin a yanka a ƙirga su, kafin a rufe a sake ƙirgawa, domin in ɗaya ya kwana a cikin mutum, ruɓewa zai yi ya kashe shi a hankali. Takan ce mini, "Likita shi ke da cikin mara lafiya, ke kuma ƙirga ce taki. In ba ta cika ba, ba a ɗinki."

A watana na uku, farkon damina, sista ta tafi Malumfashi sunan jikanta. Bayan azahar aka kawo wani dattijo manomi daga wajen Maska, san huɗarsa ya soke shi a ciki. Babu wadda za ta tsaya a tire sai ni. Mun fi awa biyu a tsaye. Gumi na bin bayana, amma hannuna bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, har na fara jin kaina. Likita ya gyara hanjin da ya yage, ya wanke cikin, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba.

"Zare."

Ni da abokiyar aikina, wadda ke tattara abin da aka jefar a bokiti, muka ƙirga. Ashirin muka buɗe. Sha tara muka samu. Muka sake, sha tara.

Na ce, "Yallaɓai, goz ɗaya bai fito ba."

Ya ce, "Na duba cikin nan da idona. Ba ni zare."

Ban san lokacin da na ja allurar da zaren zuwa can ƙarshen tire ba, inda hannunsa ba zai kai ba. Sai a lokacin ya ɗago kai.

"Ke yarinya, kin san shekarata nawa ina buɗe cikin mutane?"

"Na sani, yallaɓai. Amma sha tara ne."

Mai ba da maganin barci ya leƙo ta saman labule ya ce jinin dattijon yana sauka, a yi sauri. Wannan maganar ta fi tsawar likita girgiza ni. In na ci gaba da riƙewa mutumin nan ya cika a kan tebur, da wane baki zan yi bayani? In kuma na miƙa, aka ɗinke shi da ƙyalle a ciki, wa zai sani sai ni? Abokiyar aikina ta yi mini ido, alamar in miƙa kawai. Na ce da ita, "Juye bokitin nan a ƙasa, ki ware su ɗaya-ɗaya."

Likita ya ce wallahi yau ce ranata ta ƙarshe a ɗakin. Na ce, "To, yallaɓai. Amma a duba tukuna." Ya yi tsaki, ya mayar da hannu cikin dattijon, ya ɗaga nan ya lalubi can. Babu. Ya ja da baya a fusace don ya nuna mini aikin banzan da na sa shi, sai abokiyar aikina da ke durƙushe ta ce, "Ga shi!" Yana manne a ƙarƙashin takalmin robar likitan. Ya faɗi tun ɗazu, ya taka shi bai sani ba.

Na ce, "Ashirin." Na miƙa masa zare.

Washegari metiron, shugabar nas-nas ta asibitin, ta kira ni ofis. Ta ce likita ya kawo ƙarata: na ɓata minti bakwai a kan mutumin da jininsa ke sauka, na kuma yi masa rashin kunya a gaban ƙananan ma'aikata, alhali babu komai a cikin. Ta turo mini farar takarda.

"Rubuta ban haƙuri, 'yata, layi uku ya isa. Magana ta wuce."

Na ce, "Hajiya, in muryata ce ta yi sama, zan je har ofishinsa in durƙusa. Amma ba zan rubuta cewa na yi kuskure da na tsayar da ɗinki ba. In na rubuta, gobe aka samu sha tara, me zan yi?"

Ta ce, "Ai ba a cikin yake ba."

Na ce, "A lokacin wa ya sani?"

Ta janye takardarta ta ce in koma ɗakin maza wankin ciwo sai ta neme ni. Mahaifiyata da ta ji, hankalinta ya tashi. Ta ce, "Babba ne fa, ya haife ki. Ki rubuta ki huta." Na ce, "Inna, ko ke kika ce in miƙa zaren nan a ranar, ba zan miƙa ba." Kwana biyu tana amsa gaisuwata a daƙile.

A ɗakin maza na tarar da dattijon, ni na riƙa wanke masa ɗinkin kullum. Bai taɓa sanin an yi rigima a kansa ba, ban kuma gaya masa ba. Damuwarsa ɗaya, masarar da bai gama yi wa huɗa ba. Da ƙafarsa ya fita.

Wata biyu na yi a can. Sista ce ta dawo da ni. An ba ta wata ta koya wa, ta ce ita ta tsufa da sabon farawa, a dawo mata da mai taurin kan nan. Likitan bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Abin da na lura kawai, daga ranar ba ya ƙara miƙo hannu neman zare sai ya ce, fuska a murtuke, "Ya cika?"

Duk wanda na ba wannan labari yakan so a ce a cikin dattijon aka samu goz ɗin, don in fito da gaskiya. Ba a can aka same shi ba, a ƙasan takalmi yake. Na daɗe ina jin kunyar faɗin haka, yanzu kuwa na daina. Ba don na san inda yake na riƙe zaren ba, don ban sani ba ne. Yau ni ke tsayawa a kan sababbin nas a bakin famfo, kuma ina gaya musu tun ranar farko: in ƙirgarku ba ta cika ba, ko ni ce nake muku tsawa, kada ku miƙa.