Nakiya Mai Fuska

Daka nake yi da safen. Za a yi suna a gidan maƙwabtanmu, an ba ni aikin nakiya. Ita ce sana'ata tun ina amarya: shinkafa, zuma, man shanu, citta da kanumfari. A ƙauyenmu, can bayan Kekun Waje, an manta da sunana na yanka. Da Mai Nakiya ake ce mini, daga baya mutane suka gaji suka gutsure shi, ya koma Nakiya kawai. Yaro ya leƙo zaure ya ce "Nakiya!" in amsa. Malam, mijina, haushin sunan yake ji. Ni kuma nakan tuna masa cewa duk garin ba wanda ya kai shi sa hannu a turmina.

Yana zaune bakin ɗaki yana gyaran ƙotar fartanya. Hantsi ya ɗan ɗaga. Sai na ji tsakanin bugun taɓarya akwai wani bugu da ba nawa ba. Na tsaya. Harbi ne, daga gabas, wajen gonaki. Sannan ƙarar babura, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kaji suka watse. Wani ya wuce ta bayan danga yana ihu.

"Sun taho! Ku hita!"

Malam bai motsa ba. Ya ce ba inda za shi, geronsa ya kusa nuna. Mutumin nan taurin kai gare shi, amma na fi shi. 'Yarmu Hadiza tana aure a Sabon Garin Gusau. Zuwanta na ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce in abu ya ɓaci, kar in zo mata ba babanta. Na yi mata alkawari. Na fizge fartanyar na yar. Na ce ko ya tashi, ko in zauna a kashe mu tare. Ya tashi yana ƙunƙuni. Na kwashe nakiyar da ban gama daka ba, na juye a kwano, na ƙulle a zane.

Muka faɗa cikin gero. Ya fi tsawon mutum, shi ya rufa mana asiri. Ganyensa yana yankar fuska. A bayanmu ana harbi, a yi shiru, a sake. Shirun ya fi ba ni tsoro. Da na waiga sai hayaƙi, kuma na san ƙaurin rumbu in yana ci. Malam ma ya sani. Bai waiga ba.

Azahar ta same mu a duƙe cikin gonar wani. Can muka haɗu da mutanen garinmu, mata da tsofaffi, da Lawali mafarauci wanda ya san dajin. Ya ce mu bi burtalin shanu, zai fitar da mu titin Bunguɗu. Ba mai magana. Jariri ya fara kuka, uwarsa ta toshe masa baki da nono. Na gutsura wa yara nakiya suka lasa. Kowane motsin kara sai in ce su ne.

Malam da ya ƙi tashi, yanzu shi ne a gaba. Haka yake, in ya yarda da abu sai ya nuna kamar shi ya kawo shawarar. Ina biye da shi. Lawali yana can baya, yana goye da wata tsohuwa.

Dab da la'asar burtalin ya matse tsakanin rafi da wata tsamiya. Mun kusa gindinta sai na ji muryar Lawali.

"Nakiya! Nakiya!"

Na juya. Shekara da shekaru ina juyawa in an faɗi haka. Na zaci tsohuwar ce ta galabaice, yana son in ba ta abin sa wa a baki. Na koma wajensa ina kwance zane. Malam bai ko waiwayo ba.

"Ana gudun rai, ana ciniki," ya ce. "Tai ki sallame shi."

Ya wuce tsamiyar.

Ban ji ƙara ba. Na ji dai ƙasa ta buge ni a ƙirji, bakina ya cika da yashi. Kunnena yana ta ƙugi. Ganyen tsamiya yana zubo mini. Na ga bakin Lawali yana motsi, ya danne ni da hannu.

"Kar kowa shi motsa!"

Ba ni yake kira ba. Zaren nakiya mai fashewa ya hango an gitta a hanya.

Tsofaffin mazan suka ja Malam gefe suka lulluɓe shi da rassa. Ba su bar ni na matsa ba. Washegari aka koma da sojoji aka yi masa sutura. Mu kuwa magariba ta yi mana a Bunguɗu, wata motar itace ta kawo mu Gusau. Hadiza ta buɗe ƙofa. Ba ta dube ni ba, bayana ta duba.

Abin da ya hana ni zama ya hana ni tsayuwa shi ne jikina. Ko ƙwarzane babu. Ga shi ni ma ina dab da tsamiyar nan. Masu zuwa gaisuwa suna cewa sauran kwana, na yarda, amma ina son in san yadda aka yi. Ina zagaya tsakar gidan Hadiza kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ta daina ce mini in zauna.

Maƙwabcinsu, Baban Dauda, tsohon soja ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna. Ya zo ta'aziyya na tare shi da tambayar. Ya sa na kwatanta masa wurin. Ya faɗi sunan abin da Turanci, bai zauna mini ba. Sai ya ce su a bariki nakiya mai fuska suke ce mata. Tana da gaba, tana da baya. Duk abin da ke cikinta gefe guda take watsa shi.

"Hajiya, kin san watsa ruwan wanke-wanke? Wanda ke bayan mai watsawa ba ya jiƙewa."

Ya ce ga alama Bunguɗu aka sa ta ta fuskanta, don masu kawo mana ɗauki. Mu ta bayanta muka ɓullo. Wanda bai wuce tsamiyar ba yana bayanta. Wanda ya wuce ya shiga fuskarta.

Na gane. Ban ji sanyi ba, amma na zauna.

Mun rasa rumbu biyu, da geron da ba mu yanka ba, da turmina. Kwanon yana nan, Hadiza tana zuba gishiri a ciki. Ban sake daka ba. Mutanen garinmu da ke Gusau ba su san wani suna ba, in sun hango ni a kasuwa da shi suke kirana. Har yau ina juyawa. In na amsa na juyo kan hanyata, ba kowa a gabana, ba Malam.