Rekiya Mai Awo da Mutuwar Wuri

Ranar kasuwar Kurfi, kafin hantsi ya ɗaga sosai, za ka tarar da Rekiya mai awo a gindin tsamiyar da ke gabas da 'yan gishiri. Takan fara share wurin, ta shimfiɗa tabarma, ta jera masakai uku, na gero da na dawa da na maiwa. Sai ta ɗauki mudunta ta kife shi, ta ƙwanƙwasa gindinsa a gaban jama'a, don kowa ya ga ba a liƙa komai a ciki ba. Ba ta kiran ciniki, ba ta rantsuwa. In ta cika mudu sai ta bar shi ya yi tozo, hatsin da ya zube a tabarma kuma na mai saye ne. Ranar kasuwar Dutsin-Ma ta yi sammako ta tafi da ƙafa, ta sake yin yadda ta yi a Kurfi. Haka take tun kafin Nasara su shigo ƙasar Katsina, tun shekarar da mijinta Mamuda ya rasu ya bar mata jakuna biyu da rumbu guda.

A wancan lokaci da wuri ake ciniki. Wuri kuɗin mata ne, kuɗin talaka ne. Mace tana cikin gida ta yi kaɗi, ta sayar da zarenta, ta jefa wuri ashirin a tukunya ta rufe. Da wuri biyar za a ba ka daddawa, da goma a ba ka gishirin miya. Rekiya ta san tukwanen matan Kurfi kusan kamar yadda ta san nata, domin duk a tabarmarta suke ƙarewa.

Shekarun farko na mulkin Nasara ba su taɓa tabarmar nan ba. Sai wata kaka sanƙira ya shigo tsakiyar kasuwa ya yi shela, ya ce daga bana ba za a karɓi haraji da wuri ko da dami ba, sai da kuɗin ƙarfe, sule da sisi da taro. Mutane suka dubi juna. Yawancin waɗanda ke tsaye a wurin ba su taɓa riƙe sule a hannu ba. Kuɗin yana birni, wurin ma'aikatan Nasara da manyan fatake. An aza wa ƙauye biyan abin da babu shi a ƙauye.

Akwai wani dillalin jakuna a kasuwar, Jibo, wanda ya riga kowa gane inda aka nufa. Ya tafi birni ya kwana uku, ya dawo da jakar sule ta wani attajiri, ya kafa rumfa a bakin kasuwa. Manomi in yana son sule sai ya kawo hatsi, kuma Jibo ne ke yanke farashi, tunda dogarai na jiran manomin a gida. Abu ɗaya Jibo ya rasa: mutane ba su yarda da awonsa ba. Don haka ya zo wurin Rekiya ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye wani mudu a gabanta, wanda ya fi nata zurfi da kamar yatsa biyu. Ya ce ta riƙa auna masa hatsin manoma da shi, ko wace kasuwa zai ba ta sisi.

Rekiya ta juya mudun ta duba, ta tura masa abinsa.

"Jibo, mudunka kake son sayar mini, ko hannuna kake son saya?"

"Gwaggo, zamani ne ya zo da haka."

"To, zamanin ya nemi wani hannun."

Jibo bai rasa wani hannun ba. Kafin kaka ta fita, jakuna sun yi ta jigilar hatsin Kurfi zuwa rumbunansa.

Bayan shekara biyu aka aiko malamai da igiya suna auna gonaki, abin da ake kira taki. Rekiya tana da ƙane a Dabawa, Ummaru, manomi mai iyali tara. Malaman suka auna gonarsa har da saurar da ya bari ta huta, suka aza masa kuɗi a kan faɗin ƙasa. A da, abin da gona ta bayar shi ake duba; in shekara ta yi kyau a ɗiba da yawa, in ta ɓaci a sassauta. Yanzu igiya ce ke magana, ita kuwa igiya ba ta san an yi ruwa ko ba a yi ba. Ummaru yana da tsohon rumbu wanda ubansu ya hore su kada a buɗe sai shekarar wahala, gero na shekara uku a ciki. Da Rekiya ta ji zai fasa shi, ta bar kasuwa ta tafi Dabawa. Ta same shi a kan tsani ya riga ya ɗaga murfin. Ta roƙe shi ya sayar da akuyoyi, ya ce an sayar tun bara. Ta ce ya jira ta nemo masa wani abu, ya ce kwana uku aka ba shi.

"Yaya, jiya a gabana aka ɗaure maƙwabcina a rana, matansa na kallo. Ni ba zan iya ba."

Ita da kanta ta auna geron, don kada a cuce shi sau biyu. Ta ce tun da take awo ba ta taɓa jin mudu ya yi mata nauyi kamar ran nan ba. Kuma ba Ummaru kaɗai ba ne. A shekarar nan tsofaffin rumbunan ƙasar kusan duk sun faɗa rumfar masu sule.

Da damina ta zagayo, ruwa ya ɗauke a lokacin da gero ke bunni, bai yi ƙwaya ba tukuna. Aka yi roƙon ruwa har aka gaji. Kaka ta zo babu abin girbe, amma haraji ya zo cif yadda igiya ta auna. Daga nan aka shiga yunwar da mutanenmu ke kira Malali. Wanda ya gan ta ba ya son a tuna masa. An daka ƙwallon goriba an sha, an tone gidajen tururuwa ana neman ƙwayar da suka ɓoye, an ci ganyen da ko akuya ba ta kula shi. Hatsi kuwa yana nan, a rumbunan Jibo da irinsa, geron mutanen nan ne da suka sayar da arha. Aka buɗe rumbunan, mudu ya ninka sau goma, kuma aka ce ba a karɓar wuri.

Mata suka fito da tukwanensu, ajiyar shekara goma, wata ta shekara ashirin, suna zagaya kasuwa ana kora su daga rumfa zuwa rumfa. Rekiya tana da rumbu biyu a lokacin, su ne duk jarinta. Da ta nemi sule da su, da yau a bene take kwana. Ta shimfiɗa tabarmarta a inda ta saba, ta ce duk mai wuri ta kawo, mudu na nan a farashin bara, amma ba za ta ba gida ɗaya fiye da mudu biyu a kasuwa ba.

Jibo ya zo ya tsaya a kanta, ya ce wuri ya mutu, tsakuwa take karɓa tana ba da gero. Ta ce ta sani. Ya ce to me ya sa ba za ta raba sadaka ba kawai ta huta da ƙirga. Amsar kuwa tana tsaye a bayansa. Luba ce, matar wani masaƙi, wadda kowa ya san da ta miƙa hannu bara gara ta kwanta ta mutu a ɗaki. Ta zo da wuri a ƙullin zane, wasu har da zare a jikinsu, ta ɓalle su ne daga adon faifan aurenta. Rekiya ta zauna ta ƙirga su biyar biyar, a natse, kamar yadda take wa kowane mai saye. Ba su kai ba. Ta tattara su ta zuba a masaki, ta cika mudu ya yi tozo.

"Inna, sun cika kuwa?" in ji Luba.

"Ni ke ƙirga ko ke? Kawo ƙwaryarki."

Ke ce, Rekiya, kika gane cewa akwai masu jin yunwar da ba za su taɓa roƙo ba, kika bar musu ƙofar ciniki a buɗe don su shigo da mutuncinsu. Malamai sun yi wa'azin tausayi a shekarar, attajirai sun raba kunu a ƙofar gida ana kallonsu. Ke kuwa kika zauna a rana kina ƙirga abin da kika san ba zai saya miki ko allura ba.

Rumbu biyu ba sa ciyar da gari. Kafin bazara ta yi nisa sun ƙare. Ta sayar da mundayenta na azurfa da saniyar da take kiwo wurin wani Bafillace, ta karɓi kuɗin ƙarfe, ta kora jakunanta kudu, tafiyar kwana shida, inda aka ɗan sami ruwa. Ta sayo dawa da sule, ta dawo ta sayar da wuri. Sau uku tana yin wannan tafiya. A ta ukun ne ta biya ta Dabawa da rabin taikin dawa don Ummaru, ta tarar da gidan a buɗe, ba kowa. Maƙwabta suka ce kunya ta hana shi zuwa wurinta, ya kwashi iyalinsa sun bi ayarin masu gudun yunwa. Daga baya wani falke ya kawo labarin an binne shi a bakin hanya tare da 'ya'yansa biyu. Sauran har yau ba a san inda suka faɗa ba.

Da ruwa ya sauka aka sami amfani, sai mai aza harajin sana'a ya zo kasuwa. Aka gaya masa babu tabarmar da ta kai ta Rekiya cika a shekarar da ta wuce. Ba sai an faɗi wanda ya gaya masa ba. Mai harajin ya sa ta cikin manyan 'yan kasuwa, ya aza mata abin da ya aza wa Jibo. Ta ce, "Ranka ya daɗe, zo ka ga ribar da na ci." Ta kai shi gida ta buɗe ɗaki, wuri ne cike da kesuna, jibge har kusan rufi. Mutumin ya yi dariya, ya ce shi sule aka aiko shi karɓa. Ta ɗauki keso biyu ta kai wa masu canji, suka taya su a abin da bai kai kuɗin ɗauko su ba. A ƙarshe jakunan Mamuda ta sayar ta biya, kuma Jibo ne ya yi dillancinsu, ya cire la'adarsa.

Tun daga ranar Rekiya ba ta sake mallakar hatsin kanta ba. Na mutane take aunawa, a ba ta ɗan abin da ya samu, kaya kuma a ka take ɗauka. Wurin ya zauna a ɗaki shekaru, gara ta cinye kesunan. Da ɗakin ya fara zuba, matan unguwa suka taru suka kwaɓa tarin wurin da ƙasa suka yi mata daɓe. A kansa take shimfiɗa buzun salla.

Jibo yanzu shi ke sayen gyaɗa da auduga a wannan yanki, maroƙa na kiransa uban marayu. 'Ya'yan da geron Rekiya ya raya sun zama magidanta. Waɗansu sukan tsaya su gaishe ta, da yawa kuwa ba su ma san labarin ba, don uwayensu sun ɗauka ciniki suka yi, ita kuma ba ta taɓa gaya musu ba haka ba ne. Kasuwa uku ke nan gwiwoyinta sun ƙi kai ta gindin tsamiya. Ba a yi shela ba, ba a aiko kowa ba. Wani mai goro ya riga ya shimfiɗa kayansa a wurin.

Da aka je aka gaya mata za a rubuta labarinta, sai ta tambaya ko waɗanda suka aza harajin nan suna karanta Hausa. Aka ce waɗansunsu suna yi. Sai ta ce a bar nata sunan, a rubuta musu na waɗanda suka tafi.

"Sun ƙirga gonakinmu taki taki. Sun ƙirga shanu, sun ƙirga rijiyoyin marina. Ba wanda aka aiko ya ƙirga waɗanda muka binne."

Ta fara jero su, gida gida, unguwa unguwa, daga Kurfi har Dabawa, ba ta tsaya ba sai da aka kira la'asar.

Mun gode, Inna Rekiya, mai mudu ɗaya ga sarki da talaka. Ba mu da abin biyanki, kuma waɗanda ya kamata su biya ba su san kina duniya ba. Allah Ya sa ki tarar da awonki cike a can, da tozonsa.

Ku kuma masu riƙe da mudu a kasuwannin ƙasar nan, an sake fara matsa wa manoma su cika gonakinsu da gyaɗa don su sami kuɗin haraji, kuma ruwa ba ya yi wa kowa alkawari. Ranar za ta sake zuwa da mace za ta tsaya a gabanku da abin da doka ta ce ba kuɗi ba ne. Ku yi abin da tsohuwar nan ta yi. Kafin nan, gidanta yana bayan marina, wanda dangarsa ta faɗi ta gefen yamma. Wanda zai je gaishe ta kada ya je da baki kawai. Ya riƙa mudun gero, don jiya da kunun maƙwabta ta kwana.