Muryar Inna a Bakin Ɗan Kama

Inna ta rasu ba ta bar hoto ba, ba ta bar murya a kaset ba. In aka nuna mata salula sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ƙwaryar furarta ta bari, da ludayi, sai kuma ɗan kaman garinmu.

Mutumin nan ba shi da ta ido. Sai ya hau tebur a wurin biki a Tasawa, da rawanin tsumma da takobin icce, ya riƙe makirfo ya buɗe wa'azi a kan falalar tuwo da miyar kuka, yana kafa hujja da ƙashin kaza. Liman ya sha a hannunsa, mu malaman lakwal, wato makarantar boko, da ake kira Mushe, mun sha, mai gari ma bai tsira ba. Kowa ya zage shi, kowa kuma ya kira shi bikin 'yarsa. Na yi fushi da shi ya fi a ƙirga, amma ban taɓa kwana da fushin ba.

Inna tana sayar da fura a bakin tasha. Tun yana saurayi yake zama kusa da ita, yana lasar ludayi yana satar muryarta. Ya iya ta ciki da bai: dusasshen maƙogwaron nan, da tsakin da take ja kafin ta yi magana. Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Sai dai ta ɗaga haɓa ta ce, "Kai, wancan, zo nan." In ya kwaikwayi wannan a bainar jama'a, sai ta tashi ta bi shi da ludayi, mutane suna faɗuwa don dariya.

Da ta rasu ya daina yin ta a dandali. Amma ni, duk ranar da kewarta ta taso mini, sai in same shi gindin dogon yaron ƙofar gidansa. Yana ganina zai ce, "Mushe, gaida tsohuwa ka zo?" Sai ya juya mini baya, ya ja tsaki, ya ce, "Kai, wancan, ka ci abinci?" Ni kuwa, da furfurata da 'ya'yana, sai in sunkuyar da kai in ce, "Na ci, Inna." Bai taɓa gaya wa kowa ba, shi da bakinsa ba ya riƙe sirrin ko kaza.

Ciwon ciki ya ɗauke shi cikin damina, gero yana fidda kai. Na yi kuka a maƙabarta kamar yadda kowa ya yi, don ina ƙaunarsa. Sai da aka fara jera itace a kabarin na gane mutum biyu ake rufe mini.

A wurin zaman makoki wani malami ya yi magana. Ba mai zafi ba ne, shi ma hawaye yake yi, don ya sha kwaikwayo a hannun marigayin.

"Jama'a," ya ce, "duk mai ƙaunar bawan Allah wanga, shi goge wasanninshi daga salula. Dariyar da za a yi bayan ranshi, can za ta ishe shi. Ku sauƙaƙa mishi kwanciya."

Nan take, a kan tabarmi, mutane suka ciro salula suna gogewa suna yi masa addu'a. Ina kallon yatsunsu. Ni ban taɓa ɗaukar muryarsa ba. Kunya nake ji, kuma wa ke ajiye ruwa a tulu yana zaune bakin rijiya?

Na tuna wani biki a garin Sarkin Hausa, Inna tana da rai, inda ya yi ta, mutane suka ɗaga salula suna ɗauka. Na fara bi shago shago wurin masu caji da tura waƙoƙi. Na Tasawa duk sun goge. Na hau moto, wato babur ɗina, zuwa Sarkin Hausa, uban amaryar ya dube ni da tausayi ya ce, "Mushe, ka makara. Tun ran da munka ji mun share. Ai mutumin kirki ne." A Mayahi ma haka. Duk inda na isa, ƙaunarsa ta riga ni zuwa. Na fara jin haushin mutanen kirki, ina hawan moto ina faɗa ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Abinci ya daina shiga. Ina gwada tsakin nan da bakina a kan hanya, ba ya fitowa daidai, kuma kullum na gwada sai in ji na asalin yana ƙara yi mini nisa.

Mai caji a Mayahi ne ya ambata mini wani makiyayi da ya halarci bikin, wanda ya yi arewa da shanu wajen Isawan, inda babu rezo, salula ba ta kamawa. Na tura moto cikin rairayi har na same shi a bakin rijiya yana shayarwa. Bai ji rasuwar ba. Da na gaya masa ya yi salati, ya zauna a ƙasa, sa'an nan ya ciro salularsa daga aljihu. Ba wanda ya yi masa wa'azi, amma ya san abin da ake yi wa mamaci. Na cafke hannunsa.

"Don Allah bari. Uwata na ciki."

Ya dube ni. "Ka ɗauki alhakinshi?"

"Na ɗauka."

Ya ɓalle bayan salular, ya zare ɗan katin ajiyar hotuna ya sa mini a tafin hannu. "Ni dai ba ruwana," ya ce, ya koma wurin gugarsa.

Ban iya jira na isa gida ba. Na tsaya gindin wata gawo, na sa katin a salulata. Ga shi nan kan tebur da rawanin tsumma, hoton yana girgiza. Ya ɗaga haɓa. Na ji farkon tsakin. Sai wani mutum da ke tsaye dab da mai ɗaukar ya ƙyalƙyale da dariya tun kafin maganar ta fito, don ya san abin da ke tafe. Dariya ce mai ƙarfi ta wanda bai rasa komai ba. Ta rufe komai. Bakin ɗan kama yana motsi, ba a jin ko kalma ɗaya, har hoton ya ƙare.

Na mayar baya na sake saurare. A karo na gaba na gane dariyar. Tawa ce.

Katin yana nan wurina. Na kasa gogewa, kuma duk lokacin da na kunna sai na nema wa marigayin gafara, in roƙi Allah ya ɗora nauyin a kaina. Ina manna salular a kunne, ina roƙon mai dariyar nan ya yi shiru, don Allah ya yi shiru ko na numfashi ɗaya. Ba ya ji.