Yadda Na Koyi Yi wa Ɗan Farina Hira

Shekarun baya, da na haifi ɗana na fari a asibitin Shinkafi, yaron bai yi kuka da wuri ba. Sai da aka yi ta fama da shi. Da za a sallame mu, likita ya ce irin waɗannan jarirai ana bin lafiyarsu a hankali, don wasu kan yi jinkirin zama, ko tafiya, ko magana. Ya ce mu riƙa kai shi Kaura Namoda ana duba shi.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da fargaba. Ko ƙofa na rufe sai na koma na taɓa. Ina gidanmu a Badarawa wajen mahaifiyata, duk abin da aka ce na yi ina yi: rigakafi, awo, nono zalla.

Wani zuwa da muka yi, yana ɗan watanni, malamar asibiti ta kaɗa masa abin wasa, ya bi da ido. Sai ta ce mini, "To mai jego, yi masa magana mu ga ko zai waiwayo."

Na sunkuyar da kai. Mahaifiyata na zaune kusa da ni. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta yi masa wasa ko hira a gaban mutane. Ni da nake tsoron a ce na yi kuskure, ko mu kaɗai ne ban cika kallon fuskarsa ba.

Malamar ta yi murmushi. "Ɗan fari ne ko? Ki ji, yaron nan yana buƙatar muryarki. Ki dube shi ido da ido, ki yi masa hira kullum. Da haka ƙwaƙwalwarsa za ta buɗe."

A mota na yi ta tunanin hirar nan. In na yi, a ce ba ni da kunya. In na ƙi, wataƙila ɗana ya tashi ba baki.

Washegari da la'asar mata na tsakar gida ana surfen gero, sai mahaifiyata ta ɗauko shi ta ɗora mini a cinya.

"Yi mai hira."

Gwaggona ta tsaya da taɓarya a hannu. "Ɗan farin? Gabanmu?"

Mahaifiyata ta ce, "Asibiti anka ce. Wadda taj ji kunya ta rufe idonta."

Na dubi yaron, na rasa abin faɗa. Sai na ji na ce masa, "Ina wuni? Ya gajiya?"

Gwaggo ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. "Tambaye shi mutanen gida mana!"

Shi kuwa ya ƙura mini ido, ya wangale baki. Tun daga ranar ban daina ba.

Ya yi jinkirin tafiya, ya yi na magana, muka ci gaba da zuwa Kaura har aka sallame mu. Yanzu yana makaranta, surutu kamar rediyo.

Abin da nake yawan tunawa, ni ma 'yar farin mahaifiyata ce, kuma ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Amma ita ta tsaya gaban mata ta ɗauke mini nauyin nan. Idan surutunsa ya dame ni, na buɗe baki zan ce ya yi shiru, sai na fasa, na yi mata addu'a.