Bindigar Ganin Wata

A ƙauyenmu, kusa da Urno, da can ba a ɗaukar azumi sai Ɗan'azumi ya harba bindiga. Aikin ubansa Ayuba ne, shi ya gada. In liman ya tabbatar an ga wata, sai ya hau tudun bayan masallaci, ya ɗura albarushi, ya saki ƙara guda wadda har makiyayan da ke daji suke ji. Ba maharbi ba ne, ko zomo bai taɓa kashewa ba. Gero da dawa yake nomawa kamar kowa, ba a cika tuna shi ba sai jajiberin azumi da na salla.

Shekarar da na dawo gida daga karatu, kunamar bindigar ta karye ana gab da azumi, maƙerin da ya iya gyaran irinta kuwa yana Madawa. Ɗan'azumi ya naɗe ta cikin tabarma, ya ɗaure da igiya, domin a gidansu abin kunya ne namiji ya ratsa taron mata da yara da bindiga tsirara. Ya hau motar kasuwa. A shingen jandarma aka sauke kaya, aka kwance tabarmar. Lokacin kuwa ƴan fashi sun addabi ƙauyukan kan iyaka, bindiga a ɓoye cikin mota ba abin wasa ba ce.

Hankalinsa kwance ya ciro takardar izini daga aljihu. Jandarman ya duba, ya ce, "Baba, wannan ta Ayuba ce. Ina Ayuba?"

"Ya rasu tun ina da baƙin gashi."

"Allah ya jiƙansa. To, izinin ya bi shi."

Aka tsare shi. Washegari na raka maigari da A'i, matar Ɗan'azumi, zuwa ofishin jandarma don in fassara musu abin da aka rubuta da Faransanci. Babban jandarman bai ɗaga murya ba. Ya ce izini na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa kamar gona. Ya ce ajiye bindiga a ɗaki daban, fita da ita kan hanya daban. Naɗewar da tsohon ya yi don kunya kuma, a idon doka ɓoyewa ce.

"Yallaɓai, sama nike harbi," in ji Ɗan'azumi. "Sama ta taɓa kawo ƙara?"

Ba wanda ya yi dariya. Maigari ya tsaya masa, bayan ƴan kwanaki aka sake shi, amma aka riƙe bindigar har sai alƙali ya yanke hukunci. Aka ce yana iya neman izini da sunansa. Da na bincika masa, abin da aka fara tambayata shi ne lambar bindigar. Ƙirar maƙera ce, ba ta da lamba.

Ranar da aka sake shi, a motar komawa gida, A'i ta so ta sa shi murmushi. "Tsoho, ko in ba ka taɓarya ka hau tudu da ita?"

Tabarmar na naɗe bisa cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu.

Ranar duban wata, bayan magariba, na hange shi bisa tudu, hannu wofi. Na hau na same shi. Kafin liman ya fito, rediyo ta faɗa, wayoyi suka ɗauka, yara suka bazu cikin gari suna ihun gobe azumi. Mata suka shiga dakan sahur.

Muka daɗe tsaye, yana kallon hanyar da ta taho daga masallaci.

"Wa kake jira, Baba?" na tambaye shi.

"Na ɗauka wani za shi zo shi tambayi mi ya hana a ji bindiga."

Muka ƙara jira har aka kira isha'i. Ba wanda ya zo. Bindigar tana can har yau, shi kuma tun ranar bai sake tambayata labarinta ba.